Gidajen Igwa na Sarki Henry na Takwas a Gaɓar Tekun Ingila

Shekarar 1539 ta kama Sarki Henry na Takwas na Ingila ba shi da aboki ko ɗaya a cikin manyan sarakunan Turai. Shekara da shekaru, abin da ke tsare masa ƙasa shi ne gabar da ke tsakanin Francis na Ɗaya, sarkin Faransa, da Charles na Biyar, mai riƙe da Sifaniya da Holan da daular Jamusawa. Muddin waɗannan biyu suna dambe, kowannensu zawarcin Ingila yake yi. Sai ga shi a watan Yunin 1538 Fafaroma Paul na Uku ya shiga tsakaninsu a birnin Nice, suka yarda da tsagaita wuta ta shekara 10. A watan Disamba Fafaroman ya tabbatar da hukuncin korar Henry daga Cocin Katolika, abin da ke nufin talakawansa ba su da sauran nauyin yi masa biyayya. Da Janairu ta kama, Francis da Charles suka ƙulla alkawari a Toledo cewa babu wanda zai ƙulla wata sabuwar yarjejeniya da Ingila ba da yardar ɗan'uwansa ba. Fafaroma kuma ya tashi Kadinal Reginald Pole, ɗan Ingila mai jinin sarauta a jika, ya je ya zuga sarakunan biyu a kan Henry.

Babu wanda ya jawo wa Henry wannan hali sai shi kansa. Shi ne ya rabu da uwargidansa Catherine a 1533, alhali ƙanwar mahaifiyar Charles ce. Shi ne ya sa majalisa ta naɗa shi shugaban cocin Ingila a 1534, ya kuma bi gidajen 'yan zuhudu yana rufewa yana kwashe dukiyarsu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Sai dai a wannan karon bakin da zai ƙone ba nasa ne kaɗai ba, har da na masunta da manoma da fatake da ke zaune a bakin ruwa daga Kent zuwa Cornwall.

Gidansu kuwa ya san abin da teku ke iya kawowa. Mahaifinsa, Henry na Bakwai, ta ruwa ya shigo a 1485: ya sauka a Milford Haven da ke Wales da 'yan dubban mayaƙa da taimakon Faransa, cikin 'yan makonni ya kashe sarki mai ci a fagen Bosworth ya hau gadon. Bayan shekara 10, wani mai da'awar sarauta, Perkin Warbeck, ya sauke mutanensa a gaɓar Deal yana neman maimaita wannan wasa. Don haka da aka ce jiragen abokan gaba na iya tasowa, Henry bai ɗauki maganar da wasa ba. Tun kafin a aza dutse ɗaya ya fara da na cikin gida: ya sa aka sare kan yayan Kadinal Pole, da na wani babban basarake, Henry Courtenay, bisa zargin cin amana. Tsohuwar mahaifiyar Pole ma ba ta tsira ba, ita aka kashe a 1541.

Umarnin Fabrairu

Kafin wannan lokaci, tsaron gaɓar teku a Ingila yawanci aikin mutanen wurin ne. Garin da ke da tashar jiragen ruwa shi zai gina hasumiyarsa, ya sayi albarushinsa, ya ja sarƙa a bakin kogi idan an ji motsin baƙi, kamar yadda mutanen Dartmouth suka yi tun ƙarshen ƙarni na 15. Sarki kan taimaka da ɗan kuɗi ko sassaucin haraji, iyakarta ke nan. A watan Fabrairun 1539 Henry ya sauya wannan. Ya fitar da tsari guda na tsaron ƙasa baki ɗaya, babban mashawarcinsa Thomas Cromwell ya riƙe ragamar aiwatarwa, aka naɗa manyan mutane a kowane lardi na bakin ruwa su bi gaɓa su duba inda jirgi zai iya sauke mayaƙa. Aka gyara wuraren kunna wutar gangami a kan tuddai, aka kira maza su fito da makamansu a ƙirga su.

Abin da waɗannan wakilai suka aiko fada ya haɗa da taswirori, kuma wasunsu suna nan a babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan. Akwai wata doguwa da ta zana gaɓar kudu maso yamma, daga ƙarshen Cornwall har wajen Exeter, an nuna rairayin da za a iya sauka da duwatsun da ba za a iya ba, an kuma zana gidajen igwa da ɗan rubutu a jikin wasunsu: wannan an gina, wannan ba a gina ba, wannan an kai rabi. Irin takardar da ake shimfiɗa wa mai yanke hukunci ce, wanda yake son ganin abin da ya saura.

Dabarar da aka bi ita ce ta fi burge ni a duk lamarin. Wanda ya saba da ganuwar Kano ko ta Zariya, wadda ke zagaye gari da gonakinsa, zai iya zaton irin ta aka ja a bakin teku. Ba a ko gwada ba, don gaɓar Ingila ta fi ƙarfin kowace katanga. Abin da aka lura da shi shi ne, rundunar da ta taso da dawakai da igwogi da abincin dubban mutane ba ta iya sauka ko'ina. Dole ta sami wurin da ruwa ke kwance, inda jirage za su yi kwanaki a tsaye ana sauke kaya. Irin waɗannan wurare ba su da yawa, su aka bi aka dasa wa igwa. A bakin kogin Thames aka gina ƙananan gidajen igwa biyar a wajen Gravesend da Tilbury don tare hanyar Landan. A mashigin Solent, tsakanin tsibirin Wight da Southampton, aka gina Calshot da Hurst da wasu biyu a Cowes. A Weymouth aka yi Portland da Sandsfoot suna kallon juna, a Cornwall kuma Pendennis da St Mawes suka sa bakin kogin Fal a tsakiya. Kafin Henry ya mutu, manya da ƙanana sun kai wajen 30.

Deal da 'yan'uwansa

Inda aka fi zuba ƙarfi shi ne gaɓar Kent, wurin da ake kira Downs. Wani faffaɗan ruwa ne tsakanin gaɓa da tudun yashin Goodwin, jirage da yawa kan fake a cikinsa, ga gaɓar a shimfiɗe mai sauƙin sauka, ga Faransa a tsallake kaɗan. Nan aka gina gidaje uku a jere, Sandown da Deal da Walmer, aka haɗa su da gwalalo da tarin ƙasa mai tsawon fiye da mil 2. An fara aiki a watan Afrilun 1539, kafin ƙarshen 1540 an gama. Ma'aikata sun kai kimanin 1,400, kuɗin ukun kuma ya ɗan haura fam 27,000.

Deal ne babba. Ba a yi shi da tsawo irin na tsofaffin fadojin sarakunan Turai ba, don doguwar katanga abincin igwa ce. Gajere aka yi shi, mai kaurin bango, a durƙushe cikin rami. A tsakiya akwai hasumiya zagayayya, ƙananan hasumiyoyi shida masu siffar rabin da'ira sun kewaye ta, wasu manya shida kuma sun kewaye waɗannan, kowane hawa ya ɗara na gabansa tsawo domin igwogin baya su yi harbi ta saman na gaba. An lanƙwasa gefen bangon sama yadda harsashin da ya same shi zai goce. Daga can ƙasa kuma akwai wani lungu da ya zagaye ginin, da tagogin da 'yan bindiga za su share duk wanda ya faɗo cikin gwalalo. Wanda ya dube shi daga sama zai ga kamar fure, har wasu na cewa tambarin gidan sarautar aka kwaikwaya, amma buƙatar masu harbi ta isa ta bayyana siffar.

Da ƙarfin sarauta aka yi wannan sauri. Sarki na da ikon tilasta wa magina da kafintoci da masu ƙona farar ƙasa su bar garuruwansu su zo aikinsa, kuma ya yi amfani da ikon. Lebura na samun kwabo 5 zuwa sisi a yini, gwanin magini kwabo 7 ko 8. A daminar farko ma'aikatan Downs suka ajiye aiki suna neman ƙari. Wakilin sarki a wurin, Sir Edward Ryngeley, ya kama jagororin ya kulle, saura suka koma bakin aiki. Mutanen da ake cewa don tsaronsu ake ginin, su ne na farko da suka ɗanɗana ƙarfinsa.

A ƙarshen Disamban 1539, ginin bai ƙarasa ba, wata baƙuwa ta sauka a Deal ta huta a cikinsa: Anne, gimbiyar Cleves, wadda Cromwell ya nemo wa sarki aurenta don Ingila ta sami abokai cikin sarakunan Jamus. Auren da ginin duk maganin ciwo ɗaya ne. Auren bai wuce wata shida ba, kuma a watan Yulin 1540 aka sare kan Cromwell.

Hannun sarki

Sarakuna da yawa kan sa a yi gini a liƙa sunansu. Na Henry ya wuce haka. Mutum ne mai son igwa da taswira tun yana saurayi. Ya yi yaƙi a Faransa a 1513, ya ga yadda igwa ke cin katanga, ya kuma sa aka gina sansani a birnin Tournai da ya kama. Magina sukan aiko masa da zanen aiki, ya duba, ya gyara, ya mayar. Da ake gina Southsea a bakin Portsmouth a 1544, gwamnan garin, Sir Anthony Knyvet, ya rubuta cewa tsarin ginin na mai martaba ne da kansa. Ana iya cewa bafade ne yake fadanci, amma kamannin da gidajen farko suka yi da juna, daga Kent har Cornwall, alhali magina daban-daban ne suka yi su, ya nuna daga wuri ɗaya ra'ayin ke fitowa.

Misalin Hull ya fi fito da abin fili. A 1536 'yan tawayen arewa, masu adawa da rufe gidajen zuhudu, sun karɓe wannan gari. Da Henry ya kai ziyara arewa a 1541 ya tsaya a Hull, ya duba tsaronsa, bai gamsu ba. Ya sa aka kira John Rogers, maginin da ke masa aiki a Guînes kusa da Calais, aka gina babban sansani da gidajen igwa biyu a gabashin kogin, aka haɗa su da katanga, a kan kuɗi fiye da fam 23,000. Igwogin na kallon ruwan Humber, amma garin ma yana ƙarƙashinsu, kuma mutanen Hull ba su buƙaci a fassara musu ba.

Shigar sarki cikin aikin ta kawo sauri da kuɗi, ta kuma kawo matsalarta. Wanda ya sami shiga a fada shi ke samun aiki. Wani injiniya daga Moravia, Stefan von Haschenperg, ya riƙe ayyukan Sandgate da Camber da Carlisle, aka yi ta kashe kuɗi, sai a 1543 aka sallame shi bisa cewa iƙirarinsa ya fi iliminsa yawa. Camber kaɗai, da aka gina aka sake fasalinsa, ya lashe kusan fam 23,000.

Babbar matsalar ita ce siffar ginin kanta. A lokacin da Ingila ke zuba dutse a hasumiyoyi zagayayyu, injiniyoyin Italiya sun riga sun koma ga katanga mai kusurwa irin ta bakin kibiya. Dalilinsu mai sauƙi ne: a gindin bango zagayayye akwai wurin da igwogin gefe ba sa iya kaiwa, abokin gaba na iya laɓewa nan ya haƙa rami ya dasa albarushi. Bango mai kusurwa ba ya barin irin wannan maɓoya. In dai jirgi za a harba, zagayayyen gini ba shi da laifi, don yana ba igwa damar juyawa ko'ina. Amma ranar da abokin gaba ya sauka a wani wuri ya zagayo ta tudu, labari ya sauya. Henry ya gane haka daga baya. Southsea ya fito da kusurwoyi, Yarmouth kuma da aka gama a 1547 a tsibirin Wight ya zo da cikakkiyar kusurwar bakin kibiya. A cikin shekara takwas fasalin ginin ya sauya gaba ɗaya, kuma ina ganin wannan abin yabo ne a gare shi, don ba kowane mai mulki ne ke yarda a bar salon da aka san nasa ne ba.

Wa ya biya?

Abin da aka kashe a kan gine-ginen tsaro tsakanin 1539 da 1547 ya kai kimanin fam 376,000, a zamanin da mai harba igwa ke karɓar sisi a yini. Kaso mai yawa ya fito ne daga dukiyar gidajen zuhudu da aka rufe tsakanin 1536 da 1540. Ba kuɗinsu kaɗai aka ɗauka ba, har jikinsu. Duwatsun gidan zuhudu na Beaulieu sun shiga ginin Calshot, na Quarr sun tafi Cowes, na Meaux sun tafi Hull, dalmar rufin wasu kuma aka narkar aka sake rufi da ita. Abin da ya fusata Fafaroma har ya kira yaƙi, shi aka rushe aka gina maganin yaƙin da shi. Waɗannan gidaje, duk da laifuffukan da aka jingina musu, su ne ke saukar da matafiyi, su ba miskini abinci a ƙofa, su yi jinyar marar lafiya a yankuna da dama. Da suka tafi, ba a yi saurin kawo abin da zai maye gurbinsu ba.

Da wannan rijiya ta fara ƙafewa, ga yaƙe-yaƙen da aka yi da Faransa da Sukotland sun ci ninkin-ba-ninkin abin da gine-ginen suka ci, sai sarki ya koma kan kuɗin ƙasar. Daga 1544 aka riƙa rage azurfar da ke cikin tsabar kuɗi ana cika ta da tagulla, har ya zama kafin mutuwarsa kashi ɗaya cikin uku ne kawai azurfa. Farashin kaya ya tashi. Leburan da aka kulle jagororinsa a kan neman ƙarin kwabo, yanzu kwabon da ke hannunsa ma ya rage daraja.

Ranar gwaji

Harin da aka ji tsoro a 1539 bai zo ba. Hankalin Charles na kan Daular Usmaniyya, wadda jiragenta suka fatattaki na Kiristoci a Preveza a 1538, ga kuma tawaye a birnin Ghent. Amincinsa da Francis bai yi ƙarko ba, zuwa 1542 sun koma yaƙi. Henry kuwa, maimakon ya gode wa Allah ya zauna, sai ya haɗa kai da Charles ya tsallaka Faransa a 1544 ya kama Boulogne. A cikin watan da garin ya faɗi Charles ya yi sulhu da Francis ya bar shi shi kaɗai.

A watan Yulin 1545 Faransa ta zo ramuwa. Admiral Claude d'Annebault ya shigo mashigin Solent da jirage fiye da 200, na Ingila ba su kai rabin haka ba. Henry yana Portsmouth da kansa. Ranar 19 ga wata, yana kallo daga wajen Southsea, ɗaya daga cikin manyan jiragensa, Mary Rose, ya karkata yayin juyawa, ruwa ya kwarara ta ƙofofin igwa da ke buɗe, ya nutse da mutum fiye da 400. Waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba. Faransawa ba su kutsa tashar Portsmouth ba, don hanyar ƙunci gare ta, ga tudun yashi, ga igwogi a gaɓa. Sai suka sauka a tsibirin Wight, inda wani gidan igwa a Sandown na tsibirin, ba na Kent ba, ke kan ginuwa, suka ƙona ƙauyuka, mayaƙan sa-kai na tsibirin suka tare su. Bayan 'yan kwanaki suka janye, suka taɓa gaɓar Sussex a Seaford, suka koma gida. A watan Yunin 1546 aka yi sulhu.

To, gidajen igwa sun yi aiki ke nan? A ganina sun yi, amma ba su kaɗai ba. Ba su nutsar da rundunar Faransa ba. Abin da suka yi shi ne hana ta wurin da take buƙata, suka bar ta tana shawagi da dubban mutane a cikin jirage, abinci na ƙarewa, cuta na yaɗuwa. Faɗan ƙasa kuwa manoma da masuntan Wight ne suka yi shi, irin mutanen da tun asali tsaron gaɓa ke wuyansu. Kowane gidan igwa, a lokacin zaman lafiya, 'yan mutane ƙalilan ne ke cikinsa, manyan ma ba su wuce 'yan gomiya ba, kuma an tsara shi ne bisa cewa mutanen karkara za su cika shi idan an kunna wutar gangami.

Henry ya mutu a watan Janairun 1547, ya bar wa magadansa gine-ginen da baitulmali ba ta iya riƙe su duka. Wasu ƙanana an watsar da su cikin 'yan shekaru, kamar na gabashin Cowes. Camber teku ce ta guje shi: tsakuwa da yashi suka cike mashigin da aka gina shi don tsarewa, har igwoginsa suka daina kaiwa ruwa, aka sallami dakarunsa a 1637. Sandown na Kent kuwa teku ce ta cinye shi. Walmer ya zama gidan zaman babban jami'in tashoshin Kent da Sussex, a cikinsa Wellington, shahararren janar na Birtaniya, ya rasu a 1852.

Yaƙin gaske da yawancinsu suka gani, na cikin gida ne, shekara ɗari bayan gina su, lokacin da Sarki Charles na Ɗaya da majalisa suka ɗauki makami a kan juna. A nan aibin da injiniyoyin Italiya suka hango ya fito. St Mawes, wanda ya fi duk sauran ado, da tambarin sarauta a sassaƙe da baitocin Latin na yabon Henry da ɗansa Edward a jikin bango, an gina shi ne a gindin tudu yana kallon ruwa. Da sojojin majalisa suka ɓullo ta bayansa a watan Maris na 1646, kwamandansa ya miƙa wuya ba tare da wani faɗa ba. Pendennis da ke tsallaken kogin, wanda yake kan tsauni kuma aka kewaye shi da katanga mai kusurwa a ƙarshen zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ya yi kusan wata biyar a kewaye ta ruwa da ta tudu, sai a watan Agusta yunwa ta fito da mutanensa. A 1648 aka kewaye Walmer da Deal da Sandown ta tudu, ɗaya bayan ɗaya suka faɗi, a ƙarshen shekarar kuma sojoji suka tsare Sarki Charles a Hurst kafin su wuce da shi Landan inda aka yi masa shari'a.